Babi na Shida: Sukuru Uku a Bututun Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa yin alwalar asuba a Jos cikin watan Janairu ya san dalilin da ya sa ruwan zafi yake da daraja a garin nan. Muna zaune ne a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma idan hunturu ya kankama, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 11 da dare, wani lokaci ƙasa da haka. Baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri yakan kwana da rigar sanyi biyu. Mu kuwa da aka haifa a nan mun taso mun tarar da dabarun iyayenmu: kaskon gawayi a tsakar ɗaki, tukunyar ruwa a kan murhu tun kafin kiran assalatu, tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo.

Turawan da suka zo haƙar kuza tun farkon ƙarnin da ya wuce su ma sanyin bai ƙyale su ba. Har yau idan ka zaga Rayfield ko Bukuru, inda kamfanin haƙar kuza na ATMN ya yi zamaninsa, za ka ga tsofaffin gidajensu da bututun hayaƙi na dutse ko na bulo ya leƙo ta saman rufi. Murhu ne a falo, an gina masa hanyar da hayaƙi zai bi ya fita, kuma ginin hanyar ya zama ɓangaren bangon gidan. Ba ta motsi, ba ta zamewa. Mutanen ƙauyukan Filato kuma ɗakunansu na jinka ne, hayaƙi yana ratsa ciyawa ya fice, ya bar kunkunniya a sama. Hayaƙin itace yana cutar da ido da huhu, wannan babu musu, amma yana da hali guda: yana sanar da zuwansa. Ido zai yi yaji, tari zai sarƙe mutum, dole a tashi a buɗe ƙofa.

Gidajenmu na yanzu sun sauya. Bulo da siminti, tagar gilashi mai rufewa ruf, silin a sama, kwano a samansa. Wutar da muke shigarwa ciki ita ma ta sauya. Gas ya shiga kicin ɗin masu ƙaramin ƙarfi ma, balle da gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa amfani da gas a watan Maris na 2021. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, hitar ruwa mai aiki da gas ta fara samun shiga a gidaje, da masaukan baƙi, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Akwati ce da ake maƙalawa a bango, ruwa ya shiga da sanyi ya fito da zafi nan take. A samanta akwai baki, kuma a wannan bakin ake sa bututun da zai kwashe abin da wutar ta fitar ya kai shi waje. A kan wannan bututu, da ƙananan ƙarafan da ke riƙe da shi, nake son mu tsaya a babin nan.

Shekaru kaɗan da suka wuce, ɗan gwaggona ya saya mata irin wannan hita don ta huta da dafa ruwa da asuba. Wani mai gyaran famfo ya kafa ta a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, ya bi da bututun ta cikin silin, ya fitar da shi ta kwano. Wata biyu ana sa masa albarka. Sai gwaggo ta fara kukan ciwon kai da safe. Jikokinta biyu da ke kwana a ɗakin kusa da lungun su ma suka fara tashi da kasala da tashin zuciya. Aka je kyamis aka sayo maganin maleriya, aka sha, ba a ga sauƙi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne maganar da ta yi mini wata Juma'a da na je gaishe ta.

"Ni ciwon nan nawa, ɗan nan, da hantsi ya yi na fita tsakar gida sai ya sake ni. Kuma ranar da na kwana a gidan biki lafiya lau na tashi."

Na nemi tsani da tocila na hau cikin silin. Bututun guntaye uku ne da gwiwa ɗaya. Mahaɗa ta farko an cusa ta kawai. Ta biyu an naɗe ta da wayar ɗauri, irin ta magina, an lulluɓe da salatif wanda zafi ya riga ya narkar. A gwiwar kuwa bututun ya zame gaba ɗaya, ya bar rata da zan iya sa yatsu biyu a ciki, kuma katakon da ke kusa ya yi baƙi. Ke nan duk asubar da aka buɗe famfon ruwan zafi, abin da hitar ke fitarwa cikin silin yake zuba, ya bi ta kafofin fitilu da gefen bango ya sauko ɗakin da yara ke barci. Na sauko jikina yana rawa. Na rufe tukunyar gas ɗin, na ɗauke ta na kai bayan gida.

Abin da ke zuba a wurin sunansa kabon monoksaid. Iska ce da ke samuwa duk lokacin da wuta ta ci gas, ko gawayi, ko fetur, ba tare da ta sami isasshiyar iskar oksijin ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da muke ji idan gas ya tsiyaya daga tukunya wani sinadari ne da aka ƙara masa da gangan don ya zama gargaɗi, kuma da zarar gas ɗin ya ƙone, warin ya tafi. Idan kabon monoksaid ta shiga huhu, takan kama sinadarin himogulobin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, kamun da ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jini yana ta zagayawa, amma abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke jira bai iso ba. Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, wato daidai abin da kowa a ƙasar nan zai kira zazzaɓi. Shi ya sa take ɓuya a cikinmu. Kuma ita ce dai ke kashe iyalan da muke jin labarinsu, waɗanda suka kwana da janareto a cikin gida ko da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki aka wayi gari babu mai motsi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Jos wanda ban taɓa jin mai sayar da hita ya ambata ba. Saboda tsayin tudun nan, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi 13 cikin 100. Shi ya sa ruwa ke tafasa a nan a wajen digiri 96 maimakon 100, kuma matan da suka yi aure daga wasu garuruwa kan ce wake ya fi jinkirin nuna a Jos. Na'urar da aka saita a masana'anta don ƙasa mai kwari, idan aka kawo ta nan, gas ɗin da take sha yana nan yadda yake, oksijin ɗin da take samu kuwa ya ragu. Wutarta ta fi saurin fitar da guba. A Amurka ƙa'idar aikin gas ta tanadi a rage ƙarfin irin waɗannan na'urori idan wurin ya haura ƙafa 2,000, mu kuma muna kusan ninki biyu na wannan. Don haka bututun da ya zame a Jos ya fi wanda ya zame a bakin teku haɗari.

Washegarin ranar da na hau silin gwaggo na kira mai aikin. Mutum ne mai ladabi, ya girme ni, kuma da ya ga wurin sai ya yi shiru na ɗan lokaci.

"Wallahi Malam, da hannuna na cusa shi, ya shiga tsam. Na ja bai fito ba."

Na yarda da shi. Ranar da ya cusa, bututun ya shiga tsam. Abin da ba a koya masa ba shi ne ƙarfe yana numfashi. Idan ya ji zafi yakan miƙe, idan ya huce ya koma. Bututun alminiyam mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 150, zai ƙara tsawon kusan santimita 1. Baƙin ƙarfe zai ƙara wajen rabin haka. Hitar gida kuwa ana kunna ta ana kashewa sau da yawa a yini, kuma a kowane karo mahaɗar tana ɗan gogawa, tana ɗan saki. Ga nauyin bututun kansa yana ja ƙasa. Ga iskar farkon damina a watan Afrilu, da ƙanƙarar da Jos ta yi suna da ita, suna dukan ɓangaren da ya leƙo saman kwano, shi kuma yana jijjiga na ciki kamar muciya a tukunya. Ga ɓera, ga mai gyaran wayar lantarki da zai rarrafa cikin silin ya dafa abin da hannunsa ya samu. Mahaɗar da ba a ɗaure ba, lokaci kawai take jira.

Abin da ke riƙe ta ƙanana ne ƙwarai: sukuru, da zoben ƙarfe mai noti wanda makanikai ke kira kilif, da maƙalan da ke ɗaure bututu a bango ko a katakon rufi. A bututu mai bango ɗaya, al'adar masu aikin a ƙasashen sanyi ita ce sukuru uku a kowace mahaɗa, a rarraba su kewaye da ita. Ɗaya ba ya isa, domin bututun zai juya a kansa kamar ƙyaure, bakin ya buɗe ta ɗaya gefen. Ƙusa kuwa ba ta da wurin zama a nan sam, tunda ba ta da zaren da zai ciji ƙarfe, kuma zafi da sanyi za su tofar da ita.

Sai dai ba kowane sukuru ba. Nan ne na ga ƙwararru ma suna tuntuɓe, kuma nan ne maganar ta fi ba ni sha'awa.

Ka ɗauki batun tsawo. Hitoci na zamani da yawa suna zuwa da bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Na ciki yana fitar da hayaƙi, ratar da ke tsakaninsu kuma tana jawo iska mai kyau daga waje zuwa wurin wutar. Hikimar ita ce wutar ba ta shan iskar ɗaki ko kaɗan, kuma irin wannan kaɗai dokar Birtaniya ta 1998 ta yarda a kafa a cikin banɗaki. To, mai aiki ya batar da gajerun sukurun da suka zo cikin kwalin, ya laluba aljihu ya ciro dogo, irin na kafinta. Ya ɗaura, ya ji ya kama gam, ya ji daɗi. Bai san bakin sukurun ya huda bututun ciki ba. Yanzu hayaƙi yana tsallakawa cikin hanyar iska mai kyau, yana komawa wurin wutar, wutar tana shaƙar abin da ta amayar. Wutar da ke cin hayaƙinta takan fitar da kabon monoksaid mai yawan gaske. Daga waje aikin ya yi kyau, har ma ya fi na wanda bai sa komai ba kyan gani.

Sai batun irin ƙarfen. Mutane da yawa ba su san cewa ƙona gas yana haifar da ruwa ba. Kilo 1 na gas ɗin girki, idan ya ƙone, yana fitar da tururin ruwa sama da kilo ɗaya da rabi. A safiyar hunturu, wannan tururi yana haɗuwa da bututu mai sanyi ya zama raɓa a cikinsa, kuma raɓar tana da ɗan tsami mai cin ƙarfe. Sukurun baƙin ƙarfe na kasuwa zai yi tsatsa a wannan wuri har kansa ya gutsure. Idan kuma aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta a inda akwai laima, sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya a hankali, kamar yadda ke faruwa a cikin batir. Ramin sukurun ya yi ta faɗi har ya daina riƙe komai. Jos, garin da ya yi shekaru yana tura kuza Ingila don a shafe gwangwani kada ya yi tsatsa, garin da ke da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa, bai kamata a ce wannan ilimi baƙo ne a cikinsa ba. Abin da ya dace shi ne sukurun da kamfanin ya sako, ko wanda takardar na'urar ta ambata da girmansa da irin ƙarfensa, galibi wanda ba ya tsatsa. Wasu bututun ma ba a huda su ko kaɗan: zoben roba ne a ciki, kilif a waje, kuma wanda ya huda su ya lalata su. Takardar nan da ake jefarwa tare da kwali ita ce ke raba gardama.

Maƙalai ba su da wani sirri. Sukuru aikinsa hana mahaɗa rabuwa, ɗaukar nauyi kuwa aikin maƙali ne. Kamfanoni da yawa suna cewa a sa ɗaya a kowace mita, da kuma kusa da kowace gwiwa. Inda bututu ya kwanta, a ba shi ɗan gangaren da takardar ta faɗa, kada ya yi ciki a tsakiya ruwa ya taru.

Kada wani ya ɗauka wannan sakaci namu ne mu kaɗai. A watan Disamba na 2010, a birnin Bath na Ingila, wata budurwa 'yar shekara 24 ta rasu a banɗakin gidan mahaifinta. Bai fi mako biyu ba da aka kafa sabuwar tukunyar ɗumama gida a garejin gidan, kuma bututun hayaƙinta ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba, sai ya rabu. A 2012 kotu a Bristol ta sami mai aikin da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ta ɗaure shi shekara 3. Wannan a ƙasar da tun 1 ga Afrilu 2009 ba a yarda kowa ya taɓa aikin gas don kuɗi ba sai sunansa yana cikin rajistar Gas Safe, wadda ta gaji ta CORGI. Kuma bayan wasu mace-macen da suka faru a gidajen da aka ɓoye bututu cikin silin, sun kafa ƙa'ida cewa daga 1 ga Janairu 2013, duk bututun da ke ɓoye dole a yi masa ƙofar leƙawa, in ba haka ba ma'aikaci ya ɗauke shi a matsayin mai haɗari, ya nemi a kashe na'urar. Sun koyi darasin da gawarwaki. Mu muna iya karɓarsa kyauta.

Abin da ke damuna a nan gida shi ne aikin ba shi da mai shi. Mai famfo ya san ruwa. Mai sayar da gas ya san tukunya da tiyo. Mai walda a Dilimi zai lanƙwasa maka kwano ya yi bututu a cikin awa ɗaya, kuma hannunsa na da kyau. Kafinta zai huda rufi ya toshe gefen don kada ruwan sama ya zubo. Kowa ya yi nasa ya karɓi kuɗinsa, amma mahaɗar da ke cikin duhun silin, wadda rayukan mutanen gidan ke rataye a kanta, yaron shago ake turawa ya cusa. A garin nan hedikwatar hukumar ITF take, wadda aka kafa a 1971 don horar da masu sana'a, ga kwalejin fasaha ta gwamnati a Bukuru da ta yaye magina da makanikai masu yawa. Ina ganin darasin yini biyu kan hanyar hayaƙi, da Hausa, ga masu famfo da masu walda da masu gyaran janareto, ba zai gagari kowa ba. Na sa masu janareto a ciki domin salansar da ake ƙara wa tsawo da guntun bututu a fitar ta taga, a ɗaure da waya, ita ma wannan matsalar ce. Haka bututun gidajen burodi da na manyan tukwanen ruwan zafi na otal.

Mai gida kuma yana da abin da zai duba da idonsa ba tare da ya zama injiniya ba. Harshen wutar hita shuɗi ya kamata ya zama, tsayayye. Idan ya koma rawaya yana lilo, ko baƙi ya fara bayyana a bango ko silin kusa da ita, ko gilashin taga yana yin gumi fiye da kima duk lokacin da aka kunna, a kashe. Idan mutanen gida suna ciwon kai tare, suna warkewa idan sun fita, a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofofi da tagogi, a tafi asibiti, kuma a faɗa wa likita da baki cewa ana zargin hayaƙi, domin idan ba a faɗa ba gwajin maleriya za a fara yi. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir, girman tafin hannu, da ke ƙara idan ta ji wannan iska. Waɗanda aka yi bisa ma'aunin Turai na EN 50291 dole su yi kuka cikin minti 3 idan gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan. Kuɗinta bai kai na hitar kanta ba ko kusa.

Mai aikin gwaggo bai yi musu ba, kuma wannan ya ƙara masa girma a idona. Muka tono kwalin hitar daga ƙarƙashin gado, inda gwaggo ke ajiye tsofaffin zannuwa a ciki. A can ƙasa, cikin wata 'yar leda da ba a taɓa yagewa ba, ga sukurun da kilif ɗin da suka zo da ita. Ya juya ledar a tafin hannunsa.

"Ai na gan su ranar, Malam. Na ɗauka na rataye akwatin ne suka yi saura."

Ya sauke bututun gaba ɗaya. Guntun da ya lotse muka sauya shi, muka sayo maƙalai uku a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru, ya kafa su a katakon rufi. Ya sa yaronsa ya riƙe tocila, kuma na ji yana nuna masa kowace mahaɗa yana cewa ya ja da ƙarfi ya gani ko za ta motsa. Kafinta ya yanka murabba'i a silin daidai ƙarƙashin gwiwar, ya yi masa murfi. Na'urar ƙarar kuma muka rataye ta a bangon da ke kallon ɗakin yara.

Tun daga lokacin, duk farkon Nuwamba, kafin sanyi ya sauka sosai, nakan je da tocila in ɗaga murfin nan in jijjiga bututun da hannu. Bara na tarar notin maƙali ɗaya ya saki, na ɗaure shi. Gwaggo tana ƙasa riƙe da tsanin, tana ce mini in taka a hankali, katakon ya tsufa.